Maki 700 Ba Kashi 70 Ba Ne: Lacca Kan Jarrabawar Microsoft

An gabatar da wannan lacca ga matasa masu koyon aikin kwamfuta a birnin Sakkwato, aka rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, ina gaisuwa. Ƙannena maza da mata, sannunku da zuwa cikin wagga rana mai zafi.

Kafin mu shigo wani daga cikinku ya tare ni bakin ƙofa ya ce, "Malam, in tambaya 50 anka ba ni, ai 35 kawai nake buƙata ko?" Wanga lissafi shi nake son mu warware, don ni ma da shi na shiga jarrabawata ta farko, kuma na faɗi da 'yar tazara kaɗan. Na daɗe ina jin ciwon abin.

Jarrabawar Microsoft, kamar AZ-104 ta masu kula da Azure, wato tsarin Microsoft na ajiye bayanai da gudanar da ayyukan kwamfuta ta intanet, ana ba da sakamakonta daga maki 1 zuwa 1000, kuma 700 ake nema. Da an ji haka sai a ce kashi 70 ke nan. Ba haka ba ne. Tambayoyin da anka ba ka ba su anka ba na kusa da kai ba, daga rumbu guda ake ɗebo wa kowa nasa. Wani rabonsa ya zo da tsauri, wani da sauƙi. To ku duba gulbin Rima. Wanda ya ƙetare shi da damina yana cike, da wanda ya taka ya wuce da rani, ai ba za a ce wahala ɗaya sunka sha ba. Shi ya sa ake ɗora makin kowa kan ma'auni guda. In naka sun yi tsauri, amsoshin da kake buƙata ka kai 700 sun ragu. In sun yi sauƙi, sun ƙaru. Ƙari kan haka, akan saka wasu tambayoyi na gwaji waɗanda ba su da maki ko ɗaya, kuma ba a yi musu alama. Saboda haka mai zaune yana ƙidaya "na ci wagga, na faɗi waccan" lokacinsa kawai yake ƙonawa.

Yanzu ga inda mafi yawa ke tuntuɓe, abin da ake kira kes-sitadi. Ni labarin kamfani nake ce masa. Za a kawo maka wani kamfani na ƙirƙira, sau da yawa sunansa Contoso ko Fabrikam ko Litware. Gefen allo akwai shafuka: ga tarihin kamfanin, ga na'urorin da yake da su yanzu, ga abin da yake son a yi masa. Sannan tambayoyi su biyo, duk kan labarin guda.

Ranar tawa, zama na yi na karanta kowane shafi daga farko har ƙarshe kamar mai tilawa. Na tashi na duba agogon da ke saman allo, gabana ya faɗi. Labarin ba shi da agogo nasa na daban, cikin lokacin jarrabawar duka yake ci, kuma irin wagga jarrabawa in babu sashen da ake sa ka yi aiki da hannu a ciki minti 100 ne. Abin da ya kamata in yi shi ne in leƙa shafukan sama-sama, in buɗe tambaya, sannan in koma in nemo layin da ya shafe ta.

Kuma layi guda ke yanke hukunci. Misali, a tambaye ka ina za a ajiye bayanan kamfanin. Ga LRS, tsarin ajiya na Azure mai ajiye kwafi 3 a cibiyar bayanai guda, ya fi araha. Ga GRS, mai ƙara wasu kwafi 3 a wani yanki mai nisa. Duka biyun suna aiki. In can cikin shafin buƙatu an ce bayanan su tsira ko da yanki gaba ɗaya ya faɗi, GRS ce amsa. In abin da anka jaddada shi ne rage kuɗi, ba a yi maganar faɗuwar yanki ba, sai ka koma LRS. Ba abin da ka fi so ake tambaya ba. Kamar tela ne, awon mai riga zai bi.

To ya ake ba da makin? Labarin kamfani ba dunƙule ake masa maki ba, a ce ka ci ko ka faɗi. Kowace tambaya da nata. Wadda ke da gurbi da yawa kuwa, akasari kowane gurbi maki ɗaya ne, kuma sukan rubuta haka ƙarƙashin tambayar. Gurbi 3, ka dace da 2, ka tafi da 2. Kuma ba a zaftare maki don ka yi kuskure. Don Allah ƙannena, kar wanda ya bar gurbi fanko. Cire waɗanda ka tabbata ba su ba ne, ka zaɓi ɗaya cikin sauran.

Sai maganar ƙofa. Kana cikin labarin, kana iya kai da komo tsakanin tambayoyinsa yadda kake so. Da ka fita, ƙofa ta rufe, ba komawa. Akwai kuma wasu jerin tambayoyi masu "e" ko "a'a": matsala guda, kowace tambaya ta kawo mafita daban. Su da ka amsa ka wuce, shi ke nan. Mai yiwuwa mafita biyu su yi daidai, mai yiwuwa babu ko ɗaya. Kar ka ce "a'a" wai don kana jiran wadda ta fi a gaba.

Na ga hannu can baya. Bismillah, ƙanwata.

Ta ce, tunda an yarda a buɗe Microsoft Learn, wato shafin koyarwa na Microsoft a intanet, cikin jarrabawa, ai abin ya zo da sauƙi? Gaskiya ne, tun 2023 an yarda, ban da na matakin farko irin AZ-900. Amma agogo bai tsayawa don kina bincike, kuma ba a ƙara miki ko minti ɗaya. Ki ajiye shi don tabbatar da abu ɗaya ko biyu da kike shakka.

Wani kuma ya ce in an faɗi fa? Takardar sakamako za ta nuna maka zane na kowane fanni, inda ka yi ƙarfi da inda ka yi rauni, amma ba ta faɗa maka wace tambaya ka kuskure ba. Bayan faɗuwar farko sa'a 24 ake jira, daga nan kwana 14 tsakanin kowane zama, kuma ba a wuce sau 5 cikin wata 12. Kowane zama da kuɗinsa. Ni dai ban koma washegari ba. Zanen nan na ɗauka na ga hanyoyin sadarwa ne sunka kayar da ni, na zauna kansu har sai da sunka zauna mini, sannan na sake biya.