Amsoshin Tambayoyinku: Bindigogin Wasa Masu Kama da na Yaƙin Bama

Assalamu alaikum jama'ar Kumasi da kewaye, barkanmu da war haka. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan abu guda, wato bindigogin wasan nan da ake kira eyasof, musamman waɗanda ake ƙerawa da siffar makaman Yaƙin Duniya na Biyu.

Wani matashi daga Aboabo ya rubuto cewa ya ga samari a waya sanye da kayan soja na da suna harbin juna a daji, ba wanda ya faɗi. Yana tambaya wace irin bindiga ce wannan.

To ɗan'uwa, ba ta da albarushi. Iska ce ke tura ƙwayar roba mai faɗin milimita 6, wadda nauyinta yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na giram. A Japan aka faro ta cikin shekarun 1970, domin dokar ƙasar ta 1958 ta tsananta wa farar hula mallakar bindiga, masu sha'awa kuwa suna son abin riƙewa. Akwai ta sifirin da ake ɗanawa kafin kowane harbi, akwai ta gas, akwai ta batir, wadda kamfanin Tokyo Marui ya fito da ita a 1991. Ƙwayar tana fita da gudun kusan mita 100 a daƙiƙa. Harsashin bindigar soja ta wancan zamani yana wuce mita 700.

Wasiƙa ta biyu ita ce ta fi taɓa ni. Wani dattijo ne daga Asawase, ya ce mahaifinsa ya je yaƙin Bama, wato ƙasar Burma ta Asiya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya rasu bai bar ko hoto ba. Yana so ya san irin bindigar da suka riƙe, da ko akwai kwaikwayonta da zai nuna wa jikoki, da yadda zai gane mai kyau.

Baba, Allah ya jiƙan mahaifi, ya sa ya huta. Sojojin Gwalkos, wato Gana ta yanzu, sun fara yaƙar Italiyawa a gabashin Afirka a 1940 da 1941, sannan aka kai su Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Su ne suka ratsa kwarin Kaladan, suka shiga Myohaung a watan Janairun 1945. Daga can Burma Camp ta Ankara ta samo sunanta. Da yawansu 'yan arewa ne da 'yan zango, Hausa kuma ita ce harshen bariki. Bindigar da ke kafaɗar yawancinsu ita ce Lee-Enfield ta Ingila, mai cin harsashi 10, wadda ake ja da tura sakatarta da hannu bayan kowane harbi. Akwai kuma Bren mai gidan harsashi lanƙwasasshe a samanta, da Sten mai gidan harsashi a gefen hagu.

Ana ƙera kwaikwayon dukkansu. Amma Baba, kada hoto ya ruɗe ka, hannu ne alƙali. Lee-Enfield ta gaske ta kai kilo 4, katako da ƙarfe zalla. Idan ka ɗaga kwaikwayo ka ji shi sakayau, roba ce aka yi wa fenti da zanen itace, kuma jikokinka ba za su taɓa fahimtar abin da ake nufi da ɗaukar wannan kaya a kan duwatsun Arakan cikin damina ba. Nemi mai katako na gaske. Ja sakatar ka ji ko tana tafiya da nauyi, tana kullewa da ƙara. Duba wurin saiti na baya ko yana ɗagawa, duba zoben da ake ɗaura maɗauri. A ganina wadda ake ɗanawa da hannu ta fi ta batir gaskiya a wannan fanni, domin tana tilasta wa mai riƙe da ita ya yi abin da sojan ya yi: harbi ɗaya, ja, tura, sake saiti.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, ɗauki yaran ku je gidan tarihin sojoji da ke tsohon sansanin Turawa a Adum. Makaman yaƙin na ainihi suna nan a ajiye, har da waɗanda aka ƙwato daga abokan gaba. Wanda ya ga na gaske da idonsa ba a sayar masa da na banza.

Wani maƙeri daga Suame ya yi tambaya irin ta masu sana'a: me ya sa wasu ba sa fitowa daidai da na asali, kuma da wane ƙarfe ake yin su?

Malam, matsalar wuri ce. Ta batir tana bukatar ƙaramin inji da haƙoran giya da fistin da batir, duk a cikin jikin da ba don su aka zana shi ba. Thompson ta Amurka tana da gindin katako mai faɗi, sai a ɓoye batir a ciki. MP40 ta Jamus kuwa gindinta sandunan ƙarfe ne masu naɗewa, dole a cusa batir a cikin jikinta. Shi ya sa wani lokaci za ka ga mariƙi ya yi kauri fiye da kima. Gidan harsashi ma haka: na MP40 na gaske 32 yake ci, na wasa yana iya cin fiye da haka nesa ba kusa ba, har masu son gaskiyar abu sukan ƙi cika shi. Ƙarfen kuwa galibi narkakken zinki ne ko alminiyam da aka zuba a mazubi, masu tsada ne ke da ƙarfe tsantsa. Bututun ciki siriri ne, ba zai ɗauki ƙarfin albarushi ba. Duk wanda ya kawo maka ita ya ce ka mayar masa ta gaske, ka sallame shi, domin laifi ne babba, kuma a hannunsa za ta fashe.

Ta ƙarshe daga wata uwa ce a Sawaba. Ɗanta mai shekara 13 ya dame ta sai ta saya masa.

Hajiya, ni ban ba ki shawarar saya ba. Kamannin nan da muke yabo tun ɗazu shi ne haɗarin. Ɗan sanda ko ɗan sintirin unguwa da ya hango ta da magariba ba shi da lokacin tantance roba da ƙarfe. A Amurka doka ta ce a sa wa bakin bindigar wasa alamar ruwan lemo, amma a 2014 a birnin Cleveland ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, yaro ɗan shekara 12, yana riƙe da irin wannan bindiga wadda aka cire wa alamar. A Ingila, bayan dokar 2006, ba a sayar wa wanda bai kai 18 ba, wanda kuma ba ɗan wasa mai rajista ba sai dai ya sayi mai fenti mai haske. Ga kuma ido. Ƙwayar ba ta kisa, amma tana fasa ido, tana karya haƙori, shi ya sa a filin wasa ba a barin kowa ya shiga ba tare da tabarau na musamman ba.

Manyan da ke son ajiye ta don tarihi, irin Babanmu na Asawase, ku fara zuwa ofishin 'yan sanda ku tambayi ƙa'ida kafin ku yi oda daga waje, domin sai ta bi ta hannun kwastan. Idan ta iso, a ɗauke ta cikin jaka a rufe, kada a fito da ita a tasha ko Kejetia ko wurin biki, kada kuma a bar ta inda yara za su kai hannu.

Wasiƙun da suka rage a kan tsofaffin kayan soja da hulunan kwano sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ci gaba da rubuto mana. Ku huta lafiya.