Gyambon Kwanciya: Aikin Mai Jinya Ne Kafin Na Likita

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan gyambon kwanciya ne, ciwon da ke fashewa a jikin wanda ya daɗe a gado, kamar mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda hatsarin mota ya taɓa masa laka. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin Shika ko na Ƙofar Gayan a Zariya ya san ɗan'uwa ne ke kwana a gefen gado, don haka da shi muke magana.

Nauyin jiki ne ke danne nama tsakanin ƙashi da katifa, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu. Awoyi kaɗan sun isa. Ya fi kama ƙashin gindi, dunduniya, ƙugu, idon sawu da ƙeya.

Maganin farko juyi ne, duk awa 2, dare da rana: dama, rigingine, hagu. Kada a ɗora majiyyaci cak a kan ƙashin ƙugu. A ɗan karkata shi kamar digiri 30, a tokare bayan da filo, wani filon tsakanin gwiwoyi. A sa filo ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta rataya, ba ta taɓa katifa. Wajen gyara shi mutum biyu su ɗaga shi da zanin gado, domin ja yana sale fata. Haka ɗaga kan gado da yawa: majiyyaci yana zamewa ƙasa, naman gindi yana yagewa ta ciki.

Inda aka fi yin sake shi ne dubawa. Ana cewa a nemi wurin da ya yi ja, to a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Hannu za a sa. Wurin ya fi kewayensa duhu ko sheƙi? Ya yi zafi, ko tauri, ko ya yi luguf? Idan haka ne a ɗauke masa nauyi nan take, a gaya wa nas. Kada a murza, murza tana ƙara ɓarna. Kunya kuma ba ta da wuri a nan. Ɗa kan ji nauyin buɗe bayan mahaifinsa, sai wari ya tona asiri, lokacin ramin ya yi zurfi. In ba za ka iya ba, nemi wanda zai iya, amma a duba kullum, safe da yamma, har ƙarƙashin robar fitsari da ta iskar oksijin.

Fitsari da zufa suna jiƙa fata ta yi rauni, musamman a zafin Maris da Afrilu, kan ledar katifa. A shimfiɗa zanin auduga a kanta, ba tattara, ba burbushin abinci. A wanke da ruwa mai ɗumi, a tsane da tawul ba gogawa, a shafa basilin.

Koko kaɗai ba ya riƙe fata. A haɗa da ƙwai, wake, kifi, awara da nono, da isasshen ruwa, sai dai mai ciwon ƙoda ya bi ƙa'idar likitansa.