Ƙarƙashin tebur ko gefensa? Saƙon girgizar ƙasa da ke rikita jama'a

Tun bayan girgizar ƙasar da ta afka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta hallaka mutum sama da 50,000, wani saƙo yake ta yawo a WhatsApp. Wai idan ƙasa ta fara rawa, kada ka shiga ƙarƙashin tebur. Ka kwanta a gefensa, domin in rufi ya rufto zai jingina da teburin ya bar maka 'yar kafar da za ka tsira. Wani mai suna Doug Copp ne ya yaɗa wannan tun shekaru da dama, kuma ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Amurka ta daɗe da yin watsi da shi.

[Hoton ɓaraguzan gini]

Ku dubi nan da kyau. Kafar tana nan, ba ƙarya ba ne, masu ceto suna samun mutane a irinta. Amma wa ya san inda za ta kasance kafin ginin ya faɗi? Sai bayan an gama ake nuna ta da yatsa. Kuma teburin da ka kwanta a gefensa ba a dasa yake ba. Yana iya zamewa ya bar ka a fili, ko firji ya kife a kanka.

[Bidiyon cikin kanti ana girgiza]

Ga abin da saƙon ya ɓoye. Yawancin gine-gine ba sa rushewa. Abin da ke jikkata mutane shi ne wannan da kuke gani: gilashi, fanka, talabijin, kabad. Wanda ke ƙarƙashin tebur yana da rufi a kansa, na gefe kuwa bayansa kawai ya miƙa.

To me za a yi? Durƙusa tun ƙasa ba ta kayar da kai ba. Kare kai da wuya da hannu, ka rarrafa ƙarƙashin tebur mai ƙwari. Sannan ka riƙe ƙafarsa gam, in ya tafi ka bi shi. Ba tebur? Laɓe jikin bangon ciki, nesa da taga. Kana kan gado, zauna abinka, ka rufe kai da filo.

Gudu waje fa? A girgizar da aka yi a birnin Long Beach na jihar Kalifoniya ta Amurka a 1933, da yawa daga cikin waɗanda suka mutu bulon da ke zubowa ne ya same su suna fitowa daga gini. Masu tsayawa a bakin ƙofa kuma, Allah ya ba ku haƙuri, ƙofar gidan zamani ba ta fi sauran ginin ƙarfi ba.

Sai dai akwai togaciya, kuma ita ce ta fi shafar mu, tunda mutanen Mpape a Abuja ma sun ji motsin ƙasa a Satumbar 2018. An tsara shawarar tebur ne don ginin da aka yi bisa ƙa'ida. Su kansu masana girgizar ƙasa sun ce in kana cikin ginin ƙasa mai rufi mai nauyi, irin soron azara, kuma ƙofa na kusa, yi maza ka fita fili. Irin gidajen nan ne suka rufta wa mutane a ƙauyukan duwatsun Maroko ranar 8 ga Satumbar 2023. In ka fita, ka yi nesa da katanga da turken wutar lantarki.