Ɗan Wani a Hannunki: Lacca ga Mata Masu Raino

An rubuto wannan lacca ne daga muryar da aka naɗa a waya, a taron mata da aka yi a harabar wata islamiyya a wani ƙauye na ƙasar Haɗeja. Mai jawabin ma'aikaciyar sashen jin daɗin jama'a ce. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena, ƙannena, sannunku da fitowa cikin ranar nan.

A garin nan babu gidan raino mai allo a ƙofa, amma raino kullum ana yin sa. Idan aikin shinkafa ya kama a fadama, ko lokacin yankan riɗi, mace ta ajiye goyonta wurin maƙwabciya ta tafi aikatau. Malamar firamare da ma'aikaciyar asibiti su bar nasu wurin wata, ƙarshen wata su ba ta ɗan abin sabulu. Wata kaka ce, wata abokiyar zama ce. Ko an biya ki ko ba a biya ki ba, daga lokacin da uwar ta juya baya yaron nan amana ne a wuyanki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanku makiyaya ne, kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Tsaron jiki ba zan daɗe a kansa ba, kun fi ni sani. Rijiya a rufe ta. Ruwan bokiti ma yana kashe mai rarrafe. Kananzir da fiya-fiya kada a zuba su a robar lemo, tukunyar ruwan zafi kada a sauke ta a bakin hanya. Abu biyu dai zan ja kunne a kansu. Kada a ba yaro maganin mura ko na tari don ya yi barci ki samu ki yi daka. Numfashinsa na iya tsayawa. Sannan kada a jijjiga jariri da ƙarfi don ya ƙi yin shiru. Wuyansa bai yi ƙwari ba, jini na iya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu, alhali babu ko ƙwarzane a jikinsa. In kukan ya ishe ki, kwantar da shi inda ba zai faɗo ba, ki fita tsakar gida ki sha ruwa.

Abin da ya kawo ni shi ne wanda ba ma son faɗa. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta yi bincike a kan cin zarafin yara a Najeriya. Aka samu yara shida cikin goma sun haɗu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Lalata kuwa, mace ɗaya cikin huɗu, namiji ɗaya cikin goma. Ku lura da na mazan, don mu 'yan mata kaɗai muke sa wa ido. Waɗanda suka samu taimako a cikinsu ba su kai biyar cikin ɗari ba. Kuma galibi ba baƙo ne yake yi ba. Wanda yaro ya sani ne, mai shiga gida babu sallama, wanda in ya ce "kawo shi in saya masa alewa" babu mai ɗaga kai.

Mai raino ita ce take cire wa yaro riga, ita take masa tsarki, don haka ita take fara gani. Yaron da yake gudu zai kurje gwiwa da goshi, wannan ba komai. Amma jaririn da ko rarrafe bai fara ba, me zai sa masa taruwar jini a jiki? Shatin bulala a baya, tabo a kunne ko wuya ko cinya, ƙuna mai siffar cokali ko wuƙa, ko ƙuna mai iyaka shar kamar an tsoma ƙafa a ruwan zafi, duk abin tambaya ne. Haka jini ko ruwa mai wari a wando, kuka wurin fitsari ko kashi, tafiya a tale. Wani kuma jikinsa lafiya lau, hali ne ya sauya: ya daina fitsarin kwance ya dawo yana yi, ko da ya ji muryar wani mutum sai ya maƙale miki. Ba kowace alama ce hujja ba, cuta ma tana kawo wasu. Ma'aikacin lafiya ne zai bambance, ba ke ba.

In yaro ya buɗe baki ya gaya miki, kada ki yi salati da ƙarfi ki tara masa jama'a, kada ki ce "rufe min baki, maƙaryaci." Ki ce masa ya kyauta da ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne. Kada ki sa masa suna a baki, "wane ne ko?" Ki bar shi ya faɗa da kalmominsa, ki riƙe su yadda ya faɗe su, in kina rubutu ki rubuta, boko ko ajami, da ranar.

Daga nan sai asibiti, kuma a ranar. Na san abin da muka saba: a dafa ruwan bagaruwa a gasa yarinya, a wanke wando, a yi shiru. Wannan wankin yana tafiya da shaida. Kayan da ke jikinta a naɗe su a takarda, ba leda ba, a tafi da su. Akwai maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau, amma sai an fara shi cikin awa 72, kwana uku ke nan; in an wuce, ya wuce. Ku fara da asibiti mafi kusa. A Babban Asibitin Dutse akwai cibiya ta musamman don waɗanda aka yi wa fyaɗe, a Kano kuma akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala.

Uwar yaro ita za ki fara sanar wa, sai fa in kina ganin cutar daga gidansu take fitowa kuma za a danne. To a nan sai ki nufi ma'aikaciyar lafiya, ko ofishinmu a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko 'yan sanda, ko Hisba. Mai unguwa da dagaci iyayen ƙasa ne, a sanar da su, su raka ku. Amma ba su da hurumin kashe maganar fyaɗe a zaure. Najeriya ta yi dokar haƙƙin yara tun 2003. Jiharmu ta Jigawa, a zamanin Gwamna Badaru, ta sa hannu a 2021 kan dokar hana cin zarafi, a shekarar kuma ta yi dokar kare yara, wadda ta tanadi hukuncin kisa ga wanda ya yi wa yaron da bai kai shekara goma ba fyaɗe. Kano ta yi tata a 2023. Laifin da hukuncinsa ya kai nan, ta yaya za a ce buhun gero da "a yi haƙuri, a rufa asiri" sun share shi? Asirin wa aka rufa? Yarinyar dai duk gari an riga an sani, a bakin rijiya ake nuna ta. Mai laifin ne aka rufa wa, gobe ya koma gidan da ke gaba.

Wasu suna tsoron ƙazafi, kuma tsoron yana kan hanya, ayar tana nan a Suratun Nur. Amma ba a ce ki tsaya a dandali ki ce wane ya yi ba. Ki je wurin masu alhakin bincike ki ce, "ga abin da na gani a jikin yarinyar nan, ga abin da ta faɗa min." Shaida kika bayar. Yawo da zancen gidan biki da gidan suna, ko ɗaukar hoton yarinya a tura a WhatsApp, wannan ne haramun, kuma cuta ce ta biyu.

(Wata dattijuwa ta yi tambaya, muryarta ba ta fito sosai ba: idan wanda ake zargi ɗan gidan mai rainon ne fa, ɗanta ko mijinta?)

Inna, Allah ya saka da alheri, wannan ita ce mai wuyar. Ba zan ce miki da sauƙi ba. Abu na farko, yaron ya bar gidan a ranar, ki mayar wa uwarsa, kada kuma ki karɓi ɗan kowa sai an gama bincike. Na biyu, ki gaya wa uwar gaskiya don ta kai shi asibiti cikin kwana ukun nan. In bakinki ba zai iya furtawa a gabanta ba, ki samu ma'aikaciyar asibitin garin nan ko malamar islamiyya ku je tare, ko ki aiko a kira ni. Ranar kasuwa ma ina ofis har azahar.