Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi a Taron Tunawa da Malam Aminu Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan Ilimi, Mai girma Hakimi, malamanmu, iyayen yara da ɗalibai. A madadin malamai da ɗaliban wannan makaranta, ina yi maka barka da zuwa, ranka ya daɗe, kai da 'yan tawagarka. Mun san aiki ya yi maka yawa, amma ka taka ƙafa ka zo. Allah ya saka da alheri.

Mun taru ne don tunawa da Malam Aminu Kano, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar 17 ga Afrilu, 1983. Kowa ya san Malam na jam'iyyun siyasa na NEPU da PRP, Malam mai kare talaka a gaban dogari da ɗan doka. Ni a yau yaron nake so mu duba, tun da yara muke reno a nan.

An haife shi a 1920 a unguwar Sudawa, cikin birnin Kano, a zuriyar Gyanawa, gidan malamai da alƙalai. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali. Ke nan Aminu bai tashi cikin talauci ba, ya tashi ne a inda ake yanke hukunci, yana ganin yadda mai ƙaramin ƙarfi yake shiga gaban shari'a a tsorace. Masu cewa daga Turai ya kwaso ra'ayinsa na sauyi sun manta da wannan. Adalcin da ya yi ta kira a kai, a littattafan gidansu ya fara jin sa.

Kuma, ranka ya daɗe, mace ce ta fara ɗora masa karatu. Mahaifiyarsa Rakiya, wadda ake wa laƙabi da Mambayya, ita ta fara biya masa allo. Ta rasu yana ƙarami, sai kakarsa Halima ta ci gaba da karantar da shi. Gidansa na Gwammaja, wanda yanzu cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, sunan wannan uwa yake ɗauke da shi. Wanda mata suka koya wa Alƙur'ani, ta yaya za a gamsar da shi cewa ilimi bai dace da 'ya mace ba? Shi ya sa har ya koma ga Allah bai daina faɗa a kan karatun mata da 'yancinsu ba, har da na jefa ƙuri'a, abin da matan Arewa ba su samu ba sai a shekarun 1970.

Daga nan ya shiga makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, inda ya jagoranci 'yan uwansa ɗalibai suka yi bore kan rashin sabulu da rashin abinci mai kyau. A 1937 ya tafi Kwalejin Kaduna, ya kammala a 1942, aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi. A can ya zauna da Abubakar Tafawa Balewa da Malam Sa'adu Zungur, suna muhawara a fili kan mulkin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, zancen da a lokacin ake yi da raɗa. Ya je Landan ƙaro ilimi a 1946, ya dawo ya koyar a Maru, sannan a 1950 ya ajiye alli ya shiga NEPU.

Ranka ya daɗe, duk makarantun nan da na lissafa na hukuma ne, irin tamu. Wannan ne ya ba mu ƙarfin gwiwar gabatar maka da kukanmu. Azuzuwanmu sun cika, wasu yaran a ƙasa suke zama. Muna buƙatar ƙarin malamai mata, domin iyaye da yawa sun fi sakin jiki su bar 'ya'yansu mata su ci gaba idan sun ga malama a aji. Muna kuma roƙon a wadata mu da littattafan tarihin Kano, yaranmu su karanta labarin mutanen nan da idonsu.

Bayan jawabinka, ɗalibanmu mata na ajin ƙarshe za su gabatar da ɗan wasan kwaikwayo, kasancewar Malam da kansa ya rubuta wasanni yana ɗalibi. Muna roƙon ka ɗan daure ka zauna ka gani, sannan mu zagaya da kai azuzuwa.

Allah ya jiƙan Malam, ya kuma mayar da ku gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe.