Kula da karen da aka haifa da ɓarauniyar jijiyar hanta ba tare da tiyata ba

Duk abin da kare ya ci, hanji ne ke tsotse shi ya zuba cikin jini, jinin kuma ya hau wata babbar jijiya ya nufi hanta. A can ake tace shi kafin ya wuce zuciya. Wasu karnuka ana haifarsu da wata ƙarin jijiya da ke kewaye hantar, jini ya bi ta ɓarauniyar hanya ya shiga jiki da dattinsa. A ƙananan karnuka irin su Yorkshire terrier, Maltese, Pug da Shih Tzu, jijiyar takan kasance a wajen hanta. A manya irin su Labrador da Golden Retriever, galibi a cikin hantar take, ragowar wata jijiya ce ta ɗan tayi da ya kamata ta rufe kwanaki kaɗan bayan haihuwa amma ta ƙi.

Babban dafin da ke tsallakewa shi ne ammoniya, wadda ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanji ke samarwa idan suna narka furotin. Idan ta kai ƙwaƙwalwa, sai ku ga ɗan kwikwiyon da tun farko ya fi 'yan uwansa ƙanƙanta yana zagaye wuri ɗaya, yana dafa kai da bango, yana tangaɗi, ko ya ƙura wa wuri ido kamar baya gani. Wani ma har jijjiga. Yawanci abin yakan tsananta bayan ya ci abinci, musamman nama. Likitan dabbobi yakan fara da gwajin sinadaran madaciya a jini, sau biyu: bayan azumin awa 12, sannan awa 2 bayan an ba shi abinci. Hoton ciki ne kuma ke nuna inda jijiyar take.

Magani da abinci ba sa rufe jijiyar. Wani bincike da aka yi a Birtaniya, aka wallafa a 2014, ya bibiyi karnuka 124 na tsawon shekaru. Cikin 97 da aka yi wa tiyata, 21 ne suka mutu. Cikin 27 da aka bari kan magani kaɗai, 24 suka mutu. Saboda haka in da hali, kuma akwai ƙwararren da zai yi, tiyata ta fi. Amma ba kowa ke da kuɗin ko likitan a kusa ba, akwai kuma karen da sai da ya girma aka gano matsalar, alamominsa ba su da tsanani. Ko wanda za a yi wa aikin ma, sai an yi makonni ana daidaita shi da wannan kulawar tukuna.

Abinci ne ginshiƙi, kuma a nan aka fi yin kuskure. Mutum yana jin cewa furotin ne ke kawo ammoniya sai ya yanke shi gaba ɗaya, ya bar kare da farar shinkafa ko tuwo. Wannan cutarwa ce. Idan jiki bai samu furotin ba, tsokarsa zai koma ci, narkewar tsoka kuma tana fitar da ammoniya. Ƙari a kan haka, idan hanta ta gaza, tsoka ce ke ɗaukar wani kaso na aikin kwashe ammoniya daga jini. Kare ramamme ya fi saurin rikicewa.

Abin da ake so shi ne a ba shi iya furotin ɗin da zai ɗauka ba tare da alamomi sun dawo ba. Ga babban kare, ana farawa da kusan giram 2 zuwa 2.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Kare mai kilo 4 ke nan zai samu giram 8 zuwa 10. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6. In an yi mako ɗaya ko biyu lafiya lau, sai a ƙara kaɗan, a sake dubawa. Ɗan kwikwiyo mai girma yana buƙatar fiye da haka, kada a takura shi da ma'aunin babba.

Irin furotin ɗin ma yana da tasiri. Waken suya da kayan madara sun fi jan nama sauƙi a wannan ciwo. Awara da ba a soya ba, ba yaji, ba albasa, tana yi. Haka cuku marar gishiri, kindirmo da dafaffen ƙwai. Kayan ciki da ake karɓowa wurin mahauta, hanta da ƙoda da saifa, da kuma kifin gwangwani, su ne a gaba wajen abin gujewa, domin bayan ammoniya suna ƙara haɗarin tsakuwar mafitsara. Akwai abincin leda da aka haɗa don ciwon hanta, kamar Hill's l/d da Royal Canin Hepatic. In abincin gida za ku dafa, likita ya tsara muku shi, don awara da shinkafa kaɗai ba za su ba shi kalsiyam da bitamin da yake buƙata ba. A raba abincin yini gida huɗu zuwa shida, kada a jibga masa lokaci ɗaya.

Sai laktulos, wani maganin ruwa mai kauri da zaƙi. Yana isa babban hanji ba tare da ya narke ba, ya sa wurin ya yi tsami, tsamin kuma ya kama ammoniya ya hana ta shiga jini, ta fita da kashi. Ana farawa da mililita 0.25 zuwa 0.5 a kan kowane kilo, duk awa 8. Ga kare mai kilo 4, mililita 1 zuwa 2 ke nan sau uku a rana, a auna da sirinji. Amma kashin ne zai gaya muku ko adadin ya yi. Ana so ya yi kashi mai laushi sau biyu zuwa uku a rana. In ya yi tauri, a ƙara kaɗan. In ya zama zawo kamar ruwa, a rage nan take, domin ƙarancin ruwa da zubewar fotasiyam suna dawo da rikicewar da ake gudu.

In abinci da laktulos ba su wadatar ba, likita zai ƙara maganin rage bakteriyar hanji. Metronidazole ana ba da miligiram 7.5 a kan kilo duk awa 12, ƙasa da yadda aka saba, saboda hanta ce ke sarrafa shi. Idan ya taru a jiki yakan jawo tangaɗi da rawar ido, mai kare ya zaci ciwon ne ya tashi ya ƙara maganin, abu ya daɗa lalacewa. Amoxicillin ma ana amfani da shi.

Jini a cikin hanji daidai yake da cin nama mai yawa, don shi ma furotin ne. Shi ya sa maganin tsutsar ciki a kan kari yake da muhimmanci, musamman tsutsar da ke shan jini. Manyan karnuka masu jijiyar cikin hanta sun fi kamuwa da gyambon ciki, sau da yawa akan ɗora su kan omeprazole na dogon lokaci. Kashi baƙi kamar kwalta alamar jini ce. Kada a taɓa ba shi ibuprofen, diclofenac ko aspirin. Diazepam da magungunan sa barci suna daɗewa a jikinsa kuma suna ƙara dusar da ƙwaƙwalwa. In ana buƙatar maganin jijjiga, levetiracetam aka fi zaɓa. Duk likitan da zai yi masa allurar barci, ko don fiɗiya ce, a sanar da shi ciwon tun farko.

Idan ya faɗi yana jijjiga ko ya kasa tashi, kada a ɗura masa komai ta baki, zai iya shaƙewa. A shafa ɗan zuma a dasashinsa, tunda ƙananan karnuka sukarinsu kan sauka, a garzaya asibiti. A can za a sa masa ƙarin ruwa mai sukari, a wanke hanji ta dubura, a zuba laktulos da aka sirka da ruwan ɗumi.

Ku sa ido kan fitsari. Tsakuwar da wannan ciwo ke haifarwa sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙashi, sai a sikanin. Namijin kare da ke yunƙuri fitsari bai fita, a kai shi asibiti ranar, kada a kwana. Ruwan sha kuma kada ya yanke masa, balle lokacin zafi.

A riƙa auna nauyinsa a gida duk mako, a koma gwajin jini da fitsari duk wata uku zuwa shida. Sakamakon gwajin madaciya ba zai dawo daidai ba tunda jijiyar tana nan, don haka ba da shi ake gane ci gaba ba. Abin dubawa shi ne nauyi, kaurin tsokar baya da cinya, da albumin a jini, wato furotin ɗin da hanta ke samarwa. In albumin yana sauka alhali karen yana cikin hayyacinsa, a ƙara furotin. In kuma alamomi suna ta dawowa duk da an bi komai, a sake zama da likita kan batun tiyata.