Rana Ba Ta Matso Ba, Zafin Ne Ya Rasa Hanyar Fita

[Hoto: tsakar rana a Titin Ahmadu Bello, kwalta na huci, masu Keke Napep sun fake a inuwa]

Jama'a, assalamu alaikum. Tun da bazarar nan ta kama, magana ɗaya ke yawo a WhatsApp da Facebook, har teburin mai shayi ta kai: wai rana ce ta matso kusa da ƙasa. Wasu suka ce a'a, sama ce ta huje, zafi ke kwararowa ta ramin. Da kunnena na ji wani dattijo a Tudun Wada yana faɗin haka, kuma ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya sha ranar Afrilu a Kaduna dole ya nemi dalili.

[Zane: duniya na zagaya rana]

Gaskiya ne duniya kan kusanci rana sau ɗaya a shekara. Yaushe? Farkon watan Janairu. A lokacin tazararmu da ita kusan kilomita miliyan 147 ce, a Yuli kuma ta kai miliyan 152. Ke nan ranakun da muka fi kusa da rana su ne ranakun da muke rawar ɗari, yara na ƙin wankan safe. Tun 1978 taurarin ɗan'adam ke auna ƙarfin rana, bai ƙaru yadda zai kawo wannan zafin ba.

Batun hujewar sama yana da ƙamshin gaskiya. Shimfiɗar ozon, wata iska a can sama da ke tare mana hasken rana mai cutarwa, ta yi sirara a saman Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, ƙasashe suka haramta sinadaran da ke cinye ta a yarjejeniyar Montreal ta 1987, yanzu tana farfaɗowa. Wannan wata matsala ce daban.

[Hoto: dare, bayan sallar Isha'i, hannu a jikin katangar siminti]

Yanzu ga inda nake so ku ba ni aron hankalinku, don nan ne mafi yawanmu muke ɓata.

Yau da dare, bayan Isha'i, ka ɗora tafin hannunka a katangar gidanku da ke kallon yamma. Rana ta faɗi tun ɗazu, amma za ka ji katangar da ɗumi. Ka janye hannun kaɗan, kada ka taɓa ta. Za ka ji huci yana bugun tafinka. Wannan hucin shi ne zafin da katangar ta sha da rana, take amayar da shi. Kwalta haka take yi, kwanon rufi haka, gona haka, ruwan Kogin Kaduna ma haka. Ido ba ya ganinsa, amma dare da rana yana tashi sama, yana ficewa daga duniya.

Hasken rana ya shigo, huci ya fita. Muddin abin da ya fita ya yi daidai da abin da ya shigo, zafin duniya zai tsaya wuri ɗaya.

[Hoto a rabe biyu: daren hunturu ga mutane a bakin wuta, daren ƙarshen bazara ga mutane kwance a tsakar gida suna fifita]

Ku dubi daren nan biyu. Duk mun kwana a cikinsu. A hunturu iska a bushe take ƙayau, har leɓe da diddige na tsagewa. Da rana ta faɗi, huci ya sami hanya a buɗe, ya wuce abinsa, kafin asuba ana neman bargo. Ku kwatanta da daren farkon Mayu, hadari ya haɗu bai zubar ba, iska ta yi nauyi da laima. Ƙarfe biyun dare kana gumi, ko fanka ba ta maganinsa. A duka daren biyu babu rana a sama. Me ya bambanta su? Tururin ruwan da ke cikin iska da gajimaren da ke sama sun tare hucin, sun mayar da wani kaso ƙasa.

To, akwai wata iska mai irin wannan hali, ita ce kabon dayoksaid. Hasken rana yana ratsa ta ya wuce, huci kuwa sai ta riƙe shi. Kamar bargo take. Bargo ba shi da wuta a jikinsa, ɗumin jikinka yake hanawa ya tsere.

Kuma wannan bargon rahama ne. Ba don shi ba, da matsakaicin zafin duniya ya sauka wajen digiri 18 ƙasa da sifiri, maimakon kusan 15 da muke da shi. Abin da ya faru shi ne muna ta ƙara masa kauri.

[Jadawali: layi yana hawa]

Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kaso miliyan ɗaya na iska, kabon yana da kusan 280. A 1958, da aka fara awo a dutsen Mauna Loa na Hawai, ya kai 315. Yau ya haura 420. Wani zai ce ai ɗan mitsitsi ne. Haka ne, amma uwar gida ta san abin da ɗan guntun kanwa ke yi wa tukunyar wake.

Ga wani abu kuma. Baƙin hayaƙin da kake gani daga bayan tirela ko janareta yana watsewa, ruwan sama ya wanke shi. Kabon ɗin da ya fita tare da shi ba shi da launi, ba shi da wari, kuma wani kasonsa yana daɗewa a sama ɗaruruwan shekaru. Laimar Mayu takan zuba ta zama ruwa, gari ya yi sanyi. Kabon ba ya zuba haka.

[Hotuna a jere: matatun mai, cunkoson motoci, buhunan gawayi a kan babbar mota, ambaliya]

Sauran kuna gani. Ƙona fetur, dizal, kwal da gas, da sare daji, su ke ƙara kabon ɗin. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa, kusan digiri 1.5 sama da ƙarshen ƙarni na 19. Duk digiri ɗaya da aka ƙara, iska na iya ɗaukar ƙarin laima kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa in ruwa ya tashi zuba sai ya zo kamar da bakin ƙwarya. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a Nijeriya. Mazauna Kigo Road ba sai an ba su labarin kogi in ya cika ba, ko da yake toshe magudana da gini a hanyar ruwa su ma suna da nasu kason.

[Hoto: mai gabatarwa a ƙarƙashin darbejiya]

Nan zan faɗi abin da ke raina. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na kabon ɗin duniya. Manomin Giwa ko na Kauru da damina ta rikice masa bai taɓa mallakar masana'anta ba. Babban nauyin yana wuyan ƙasashen da suka yi arziki da ƙona kwal da mai, kuma alƙawarin rage fitar da kabon da suka ɗauka a Faris a 2015 bashi ne a kansu. Tamu gwamnatin ma ta yi alƙawarin kai wa ga daidaita fitar kabon nan da 2060, wato wanda muke fitarwa kada ya wuce wanda ake zuƙewa daga iska, muna da haƙƙin tambayar ina aka kwana.

Amma akwai abin da ke hannunmu, kuma amfaninsa a gidajenmu zai fara bayyana. Kowane buhun gawayi bishiya ce da aka kayar a wani daji. Mai hali ya koma gas. Wanda bai da hali, murhu mai tsimin itace yana rage abin da ake ƙonawa, yana kuma raba iyayenmu mata da hayaƙin da ke cin idonsu da ƙirjinsu. A daina cinna wa bola da tayoyi wuta. Karan gona a bar shi ya ruɓe ya zama taki. Mai shagon da ke kwana da ƙarar janareta ya lissafa kuɗin fetur na shekara, ya kwatanta da na sola.

[Hoto kusa: ƙaramin dashe a kewaye da tsofaffin bulo, yarinya na zuba masa ruwa da buta]

Sai bishiya. Kowace damina ana dashe, a ɗauki hoto, a watse. Kafin Maris akuya ta cinye wasu, ƙishirwa ta kashe sauran. In za ka dasa darbejiya ko mangwaro, ka dasa da farkon damina, ka kewaye shi da bulo ko ƙaya, ka sa shi kusa da inda ake alwala, ruwan buta ya riƙa gangara masa. Rani biyun farko su ne masu wuya. In ya tsallake su, saiwarsa ta kama ƙasa, zai nemi ruwa da kansa.